Jirgin ƙasa bai iso ba, na'ura ta riga shi

Laccar da aka gabatar a Gangara ta gundumar Gazawa, gaban manoma, ƴan kasuwa da samari masu sha'awar jirgin ƙasa.

 

Baƙo zai yi mamaki in aka ce masa a ƙasar da jirgin ƙasa bai taɓa ɗaukar buhun wake ko ɗaya zuwa kasuwa ba, akwai mutanen da ba su da zance sai na dogo. Amma suna nan. Akwai dattawan da suka yi cin rani a Kano zamanin dalar gyaɗa, suka hau jirgi zuwa Zariya ko Legas, har gobe in hira ta yi daɗi suna kwaikwayon kukan jirgin kwal yana shiga tasha. Akwai kuma samarin da ba su taɓa taka tarago ba, alhali sun san kamannin kowane kan jirgi da ke aiki tsakanin Abuja da Kaduna, domin sun gan shi a salula. Samarin nan ne suka shigo da baƙuwa cikin hirar, wato ƙirƙirarriyar basira, na'urar da ake yi wa tambaya da rubutu ta amsa kamar mutum. Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ire-irenta suka yawaita, har ta kai gardamar da da ake kai wa tsoho ya raba, yanzu waya ake zaro wa. Tambayar ita ce: a kan me za a yarda da ita, a kan me kuma za a ce mata ta dakata?

Kafin a yanke mata hukunci sai a san yadda take aiki. An ɗura mata rubuce-rubucen da babu mahalukin da zai iya karance su ko da ya shekara dubu, daga ciki ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. In aka tambaye ta, sai ta jero kalmomin da suka fi dacewa da juna, ɗaya bayan ɗaya. Inda rubutu ya yi yawa, abin da ta jero yakan zama gaskiya. Inda ya yi ƙaranci, ba ta yin shiru. Halin maroƙi gare ta: ko bai san kakan mutum ba, zai samo masa kaka, ya haɗa shi da sarauta, kuma muryarsa ba za ta yi rawa ba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo mata shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'urar ce ta ƙago musu su, da sunaye da lambobi. In haka ta faru ga lauyoyin Amurka, a harshen da na'urar ta fi ƙwarewa, to ina ga mai tambaya da Hausar Maraɗi a kan abin da ya shafi Maraɗi?

Masu son jirgin ƙasa sun fi kowa dacewa da gwada ta, domin sha'awarsu ba ta karɓar “kusan haka”. Ga misali. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu iri uku ce a wannan yanki. Tsohon layin da Ingilishi suka shimfiɗa a Najeriya milimita 1,067 ne. Na Faransawa, kamar wanda ya tashi daga Kwatano ya tsaya Paraku, mita ɗaya ne cif. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435 ne, ma'aunin da akasarin duniya ke bi. Tsakanin na Ingilishi da na Faransawa bambancin bai kai tsawon yatsa ba, milimita 67 kacal, amma ya isa ya hana taragon Kano hawa layin Paraku har abada. Wanda ya san wannan ba ya jin daɗin amsa don ta yi tsari, sai ya duba lambar.

To a gwada ta da tarihi. Ga layuka huɗu daga cikin waɗanda suka ɗauki sunan Nijar a zamanin mulkin mallaka da bayansa. Dakar–Nijar, kogin ake nufi, ya tsaya a Kulikoro ta ƙasar Mali. Abijan–Nijar ya iso Wagadugu a 1954, bai ga Yamai ba. Na Bahar Rum zuwa Nijar, wanda gwamnatin Vichy ta tayar a 1941 da nufin keta Sahara, ya maƙale a kudancin Aljeriya kusa da Bashar. Sai hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar da aka kafa a 1959, wadda daga baya aka sani da OCBN: ƙasar nan tana da hannun jari a jirgin, amma dogon ya tsaya Paraku tun 1936, kilomita 438 daga teku, sauran tafiyar ta kamiyo ce. Huɗu ke nan masu sunan, babu ɗaya da ya taka ƙasar. Na'urar da ke bin kalmomi tana ganin “jirgin ƙasa” kusa da “Nijar” sau dubbai, ba abin mamaki ba ne wata rana ta ba mai tambaya lokacin tashin jirgi daga Yamai. Balle ma tana da hujja a rubuce: an buɗe tashar Yamai a watan Afrilu na 2014, an kuma yi bikin ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso mai kilomita 143, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, a ƙarshen Janairu na 2016, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa. Jaridu sun rubuta bikin da manyan baƙaƙe. Abin da ya biyo baya, wato shari'ar da ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou ya yi a kan haƙƙin aikin, da tsayawar komai, da ciyawar da ta rufe ƙarafan, an rubuta shi da ƙanana. Na'ura ta fi jin ganga. Direban kamiyo da ke bin gudron ɗin Doso kowane mako ya fi ta sanin ko jirgi na wucewa.

Sai abin da ya shafi wannan gari kai tsaye, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Sunan Gangara ba na gari ɗaya ba ne. Akwai wannan, wadda take cikin gundumar Agye har zuwa 2011 da aka yanke Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta, saboda haka tsofaffin takardu na cewa Agye, sababbi na cewa Gazawa, duka kuma ba su yi ƙarya ba.  Akwai babba a Tanut ta jihar Damagaram. A ƙetaren iyaka kuma akwai Gangara a ƙaramar hukumar Jibiya, Jibiya kuwa tana kan hanyar sabon layin. Layin, kamar yadda aka sanar lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke da kwangilar, kuɗinsa ya kusa dalar Amurka miliyar 2. Zai tashi daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan ya ƙetaro zuwa Maraɗi. Ke nan zai yi wa ƙasar Gazawa da Agye baka ta kudu, cikin Najeriya, ya shigo Nijar can yamma da su. Yanzu a ce wani ya rubuta wa na'ura: “Shin jirgin Kano zai bi ta kusa da Gangara?” Tana iya cewa i, tana nufin ta Jibiya, ko ma ba ta nufin kowace. Amsar ta shiga WhatsApp, ta kwana ta zama labari, washegari wani dillali ya riƙe ta yana zagaya gonaki. Mai gona ya sayar da gadon ubansa da tsammanin gwamnati za ta ƙwace ba diyya, ko kuwa wani ya ci bashi ya sayi fili yana jiran tashar da ba ta cikin taswirar kowa. A ƙasar da gona ta yi wa mutane kaɗan kamar jihar Maraɗi, irin wannan kuskure ba ya gyaruwa da “a yi haƙuri”. Hanyar layi ana ganinta ne a taswirar aikin da ke hannun mahukunta, da turakun da masu awo suka kafa a ƙasa. Wanda bai ga ɗaya daga cikin biyun nan ba, bai ga komai ba.

Haka zancen hotuna. Na'urar tana zana tasha mai gilashi, da tutar ƙasa, da jirgi fari ƙal, a rubuta “Maraɗi” a goshinta, cikin daƙiƙa kaɗan. A da mai son jirgi kan gane jabu da sauri, domin ƙafafun tarago ba su zauna kan ƙarfe ba, ko layi biyu sun haɗe sun zama ɗaya ba tare da mararraba ba. Kullum zanen ƙara kyau yake yi, wannan dabara ba za ta daɗe ba. Ƴan siyasa kuwa, da can ma da babu na'ura sun iya buɗe tashar da ba jirgi.

Duk da haka, wanda ya ce a yar da ita bai yi adalci ba. Amfaninta na farko ga talakan wannan yanki shi ne harshe. Takardun layin Kano da Ingilishi suke, na Yamai da Faransanci, mai gonar da abin zai shafa kuwa Hausa yake ji. Google ta sa Hausa cikin fassararta tun 2013, na'urorin yau kuma sun fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba. Ɗan lakkal da ya tsaya a aji shida yana iya ɗaukar hoton sanarwar gwamnati, ya sa a mayar masa da ita Hausa, ya karanta wa mahaifinsa. Fassarar takan karkata ga Hausar Kano, takan yi tuntuɓe a kalmomin shari'a, amma ta fi duhun da ake ciki, muddin ba a sa hannu a kan takarda da ita kaɗai ba. Tana kuma da amfani wajen lissafi da tsara tambaya. Ƙungiyar manoman aya ko wake da ke son sanin ko ya fi musu sauƙi su kai kaya tashar Maraɗi ko su ƙetara zuwa Daura, in suka ba ta kuɗin kamiyo na gaskiya, da na dako, da na duwan, za ta jera musu lissafin su duba. Sharaɗin shi ne lambobin su fito daga bakin waɗanda suka biya. In aka bar ta ta kawo nata, maroƙin ya dawo.

A kan dogon kansa ma, inda aka shirya mata, tana aikin da ido ba ya iyawa. Sai dai a lura, waccan ba mai hira ba ce, wata iri ce da aka horar a kan abu guda. A yankin Pilbara na Ostareliya, kamfanin Rio Tinto yana tafiyar da jiragen tama ba direba tun wajen 2018, ana lura da su daga birnin Perth mai nisan fiye da kilomita 1,000. A arewa maso gabashin Indiya an binne wayar gilashi a gefen layi, na'ura na sauraron girgizar ƙasa, in ta ji takun giwa ta gargaɗi direba. Mai sauraro zai ga inda wannan zai yi amfani a nan, inda garken shanu da raƙuma ke ratsa ƙasa daga arewa zuwa kudu kowace shekara, kuma layi zai gitta burtali ko an so ko ba a so. A Turai ana sa kyamara da na'urorin ji a ƙarƙashin jirgi, su gano tsagewar ƙarfe tun tana kamar gashi. Rashin irin wannan tsaro yana da farashi: a daren 28 ga Fabrairu na 2023, a Tempi ta ƙasar Girka, jirgin fasinja da na kaya suka yi karo a layi ɗaya, mutum 57 suka mutu, a wurin da na'urorin da za su hana kuskuren mutum ɗaya zama makoki ba su aiki.

Amma kowane ɗaya daga cikin misalan nan yana tsaye ne a kan abin da ba a faɗa: wuta da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ake biya a kan lokaci ya je ya duba abin da na'ura ta nuna. Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin zancen wuta, domin babbar wayar lantarki da ke tasowa daga Katsina a garinsu take sauka kafin a raba ta zuwa Maraɗi da Damagaram. Sun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Sai rairayi. Jirgin tama na Muritaniya yana bin kilomita 704 tsakanin Zuwerat da Nuwadibu tun 1963, babban abokin gabansa kuwa yashi ne da iska ke tarawa a kan layi, yana cin ƙarfe kamar zarto. Tauraron ɗan'adam zai iya nuna inda tudun yashi ke matsowa. Kwashe shi aikin mutum ne da shebur da katafila. Haka nan ranar 28 ga Maris na 2022, da ƴan bindiga suka dasa nakiya a layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe fasinjoji suka sace wasu da dama, jirgin sabo ne, layin bai cika shekara shida da buɗewa ba. Kyamara tana iya ganin mai dasa nakiya. In babu wanda zai taso idan ta yi ƙara, ta zama mai ba da shaida kawai.

Akwai iyaka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran zurfi, tarihin gyaɗa ne kuma ya fi bayyana ta. Lokacin da dogo ya iso Kano a 1911, Ingilishi auduga suke jira. Masaƙun Lancashire ne suka matsa a yi layin, rahotannin jami'ansu duk auduga suke ambato. Da a ce akwai irin wannan na'ura a lokacin, aka ɗura mata dukkan takardun da ke ofisoshin London da Zungeru, auduga za ta ce, da hujjoji masu kyau. Manoman ƙasar Hausa da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka duba farashi, suka duba wahalar noma, suka ga gyaɗa ko ba a saya ba ana ci, sai suka zaɓi gyaɗa. Cikin ƴan shekaru tashar Kano ta cika ta batse. Daga nan harkar ta hauro arewa, ta mayar da Maraɗi da Tasawa ƙasar gyaɗa, ta haifi alhazan Maraɗi waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Faransawa da suka ga arzikin mulkinsu na bin dogon Ingilishi zuwa Legas, sai suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle a shekarun 1950, suna tallafa wa kamiyo ya kai gyaɗa Paraku ya dawo da kaya. Sannan farin 1973 da 1974 ya zo ya rushe lissafin kowa, manomi ya koma gero da wake. Babu ɗaya daga cikin juye-juyen nan da ke rubuce kafin ya faru. Na'ura kuwa abin da aka riga aka rubuta take taunawa.

Saboda haka in aka tambaye ta me jirgin Kano zai kawo wa Gangara, amsar da za ta bayar ita ce ta takardun masu kwangila: bunƙasar ciniki, saukin sufuri, haɗin kan ƙasashe. Ba za ta san ko iyaka za ta kasance a buɗe ranar da jirgin ya iso ba. Najeriya ta rufe ta daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta a 2023 saboda takunkumin CEDEAO har zuwa farkon 2024, a Janairu na 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Layin da aka tsara lokacin da ƙasashen biyu ke inuwa ɗaya, yanzu sai an sake zama a kan duwan, da takardun shiga, da kuɗin da za a biya, sefa ko naira. Waɗannan shawarwari ne na mutane masu suna da muƙami, waɗanda ake iya tambaya, ake iya zargi, wani lokaci ma ake iya saukewa. Akwai haɗari a ranar da jami'i zai ce wa mai gona “na'ura ce ta lissafa diyyarka”, domin na'ura ba ta zuwa gaban alƙali, ba ta kuma jin kunyar surukai. Duk takardar diyya da ba ta ɗauke da sunan mutum da sa hannunsa, a mayar da ita.

Wani aiki kuma yana jiran samarin nan masu salula, wanda ya fi yi wa na'ura tambaya. Abin da ta sani game da wannan yanki kaɗan ne domin abin da aka rubuta kaɗan ne, akasarinsa kuma yana kwance a ɗakunan ajiyar takardu na Aix-en-Provence da Dakar da Kaduna, da idon baƙo aka rubuta shi. Yadda ake ɗaure buhun gyaɗa a kan raƙumi, da zangon da ake kwana tsakanin nan da Katsina, da yadda ma'auni ke cutar manomi a bakin sikeli, da abin da ɗan cin rani ya ji ranar da ya fara ganin kan jirgi yana fitar da hayaƙi, duk suna cikin kawunan dattawan da ke zaune a wannan fili. Wanda ya yi dakon gyaɗa yana saurayi kafin farin 1973, yau ya haura shekara 70. Waya ɗaya ta isa ɗaukar muryarsu, na'urar kuma za ta iya taimakawa wajen mayar da maganar rubutu, in wani ya zauna ya gyara inda ta mayar da Katsinanci Kananci. A fara da tambayarsu sunayen zangon, ɗaya bayan ɗaya, da nawa ake biyan buhu a kowace shekara da suka tuna.